Manomin da Ya Zaɓi Na'ura Mai Jin Kome

Akwai wani mutum manomin rani, yana da ɗan lambu a bakin rafi inda yake shuka albasa da tumatir. Da wannan lambu yake ciyar da iyalinsa. Ana nan, a tsakiyar rani, injinsa na ban ruwa ya lalace. Makanike ya kwance shi ya duba, ya ce ba ya gyaruwa. Mutumin ya koma ɗibar ruwa da bokiti, shi da matarsa, amma kafin su kai ƙarshen lambun, farkonsa ya bushe. Ganyen tumatir ya fara naɗewa.

A garin nan kuwa akwai wani dattijo mai babbar gona. Kowace shekara, bayan an kwashe amfani, yakan shirya gasa. Yakan sa maƙeri ya ƙera masa 'yan ƙananan tagulla masu kama da kwabo, ya bi gonar da kansa ya binne su nan da can. Ranar gasa sai mutane su shigo da na'urar gano ƙarfe, irin wadda masu neman zinariya suke yawo da ita, mai doguwar sanda da faifai a ƙasa, wadda take yin kuka in ta bi ta kan ƙarfe. Wanda ya fi kowa tono tagulla kafin a busa usur, shi ne da kyauta. Kyautar wannan shekara kuwa sabon injin ban ruwa ce.

Da manomin ya ji haka, ya tafi wurin wani maƙwabcinsa wanda ya daɗe a dajin haƙar zinariya, ya kuma dawo da na'urori biyu. Maƙwabcin ya ce zai ara masa ɗaya, ya zaɓa. Ya nuna masa ta fari, ƙarama ce marar nauyi, ba ta jin abin da ke can ƙasa da nisa, amma ana iya saita ta ta ƙyale baƙin ƙarfe, ta yi kuka a kan tagulla kaɗai. Ya nuna masa ta biyu, babba ce mai nauyi, an yi ta domin zurfi, ba kuma abin da yake wuce ta, ko da guntun allura ne. Maƙwabcin ya ce in shi ne, ƙaramar zai ɗauka, gama gona ce da aka daɗe ana nomawa, ƙasarta cike take da tarkace.

Manomin ya kasa zaɓa. Ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan ya ajiye, ya koma gida hannu wofi. Ya yi ta tambayar mutane a kasuwa da bakin rafi. Wani ya ce babbar, wani ya ce ƙaramar, wani ya ce ai ya ji an ce bana dattijon ya binne su da zurfi ƙwarai. Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya masa a zuciya. Aka kawo masa tuwo, ya sa hannu ya janye. Yana ta tunanin yadda zai taka kan tagulla ya wuce bai sani ba, wani ya zo bayansa ya tone.

Matarsa ta dube shi ta ce, "Maigida, ka tambayi kowa a garin nan. Ka tambayi wanda ya binne su?"

Ya ce wanda ya ɓoye abu ba zai gaya maka inda ya sa shi ba. Kashegari ya je ya ɗauki babbar na'urar, ya ce a ransa gara ya ji kome da ya rasa wani abu.

Ranar gasa ta zo. Mutane suka taru a bakin gona, an ja igiya. Dattijon yana zaune a gindin ɗorawa da tagulla ɗaya a tafin hannunsa, ya sa aka sanar cewa duk mai so ya zo ya ɗora na'urarsa a kanta ya ji irin kukanta tun ba a fara ba. Waɗansu suka je. Manomin ya ga layin, ya ga kuma wurin da ya kama a gaban igiya, ya ji tsoro kada wani ya tsaya masa a wurin. Bai je ba.

Aka busa usur, aka saki igiya. Bai yi nisa ba na'urarsa ta yi kuka. Ya durƙusa da sauri ya tona, sai ga tsohuwar ƙusa. Ya tashi, ta sake kuka, ya tona, murfin kwalba. Haka ya yi ta yi, daga guntun lauje zuwa gwangwani mai tsatsa, daga waya zuwa kan fartanya. Na'urar ba ta yin shiru, shi kuma ba ya iya wuce kuka ko ɗaya, gama kowanne yakan ce watakila wannan ce. Can ta yi wata ƙara mai ƙarfi wadda ta fi duk na baya. Ya haƙa, ya haƙa, ramin ya kai gwiwarsa, gumi yana shiga idonsa. Abin da ya ciro tsohon bakin garma ne.

Ya ɗaga kai ya ga waɗansu sun yi nisa cikin gonar, suna tafiya a hankali, suna sunkuyawa jefi-jefi, suna jefa abu a aljihu. Rana ta take. Kafaɗarsa ta yi tsami saboda nauyin na'urar, tafin hannunsa ya yi kanta. Aljihunsa ba kome. Ya tuna lambunsa, ya tuna matarsa tana can ita kaɗai da bokiti.

Da ya rasa yadda zai yi, ya ja na'urar ya nufi gindin ɗorawa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na tona tun safe, ban sami ko ɗaya ba. Ko dai sun yi zurfin da ba zan kai ba?"

Dattijon ya dubi ƙasar da ke jikinsa, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka da zurfi na binne? Ba wadda ta wuce tsawon yatsa. Na binne su domin a same su ne. Da ɓoyewa nake so, ai da na bar su a ɗakina."

Sa'an nan ya ajiye tagullar a ƙasa, ya ce masa ya bi da na'urar a kanta. Manomin ya bi. Na'urar ta yi wani siririn kuka mai tsabta, gajere, ba irin gurnanin baƙin ƙarfe ba. Manomin ya kasa kunne. Ya san wannan kuka. Ya ji shi da safe ba sau ɗaya ba, amma da yake ba shi da ƙarfi, kullum sai wata ƙara mai ƙarfi ta janye shi gefe, ya bar shi ya wuce.

Ya tashi ya koma gona. Na'urar ba ta daina kuka a kan tarkace ba, gama haka aka yi ta, amma yanzu yakan cije ya wuce, ko da yake kowace wucewa sai gabansa ya faɗi. In ya ji siririn kukan nan sai ya tsaya ya tona, ga tagulla kusa da sama. Ya sami ɗaya, ya sami wata, ya sami wata kuma. Yana cikin haka aka busa usur.

Bai ci gasar ba. Wata gwauruwa ce ta ci, wadda lambunta yake can gaba da nasa a bakin rafin nan. Ita ta fara zuwa gindin ɗorawa da safe. Manomin ya koma gida da nauyin zuciya, ya gaya wa matarsa duk yadda aka yi, bai rage kome ba. Bayan 'yan kwanaki gwauruwar ta ji halin da suke ciki, ta aiko ta ce in ta gama ban ruwa da hantsi su zo su ɗauki injin. Albasar ta rayu. Tumatirin kuwa ya riga ya mutu, iyalin suka sha wuya a wannan shekara.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Gonar ita ce zaman duniyan nan da muke ciki. Dattijon da ya binne tagulla yana nuna mana Allah Ubanmu, wanda ya tanada mana alherinsa, bai kuwa ajiye shi inda ba za mu kai ba. Na'urar kuwa kunnen zuciyarka ne. Kowannenmu yana zaɓen abin da zai saurara, ko ya sani ko bai sani ba.

Ku lura, manomin nan ba rago ba ne. Ya fi kowa gumi a gonar. Abin da ya cuce shi tsoro ne. Tsoro ya sa ya zaɓi jin kome, tsoro ya hana shi zuwa wurin mai gonar tun da fari. Da yawa a cikinmu haka muke. Ciwo ya shigo gida, ko aiki ya tsaya, ko yaro ya ƙi jin magana, sai mu buɗe kunne ga kowa. Mu ji na kasuwa, mu ji na waya, mu ji na wanda ya ce ya yi mafarki a kanmu, mu ji na wanda ya ce ya san mai magani a wani ƙauye. Duk wanda ya ɗaga murya sai mu bi shi mu tona. Mu gaji, mu dawo da tsatsa. Muryar Makiyayinmu kuwa tana nan a tsakiyar hayaniyar, ba ta da ƙara, mun sha jinta mun wuce domin ba mu zauna mun koyi yadda take ba.

Ina ake koyonta? A gabansa, cikin Maganarsa da addu'a, da kuma zama tare da masu bi waɗanda suka riga mu saninta. Hayaniyar ba za ta daina ba, kada wani ya ruɗe ku. Amma wanda ya san muryar Ubangijinsa zai iya wuce sauran, ko da gabansa yana faɗuwa.

Allah mai jinƙai ne, yakan karɓi wanda ya zo da tsakar rana, yakan kuma aiko da taimako ta hannun da ba mu zata ba. Duk da haka jinkiri yana da hasara, ba kuwa kai kaɗai kake ɗaukarta ba, har da waɗanda suke ci daga hannunka. Saboda haka ina roƙonku, duk wanda ya shigo nan yau da abin da yake hana shi cin abinci, kada ya fita ya sake tambayar gari. Ya fara zuwa wurin Ubansa.