Malam Haladu da Tagwayen Faifai

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce, Malam Haladu sunansa, gyaran kwamfuta yake yi a wata 'yar rumfa bakin tasha. Ba shi da wani suna a gari, ko allon talla bai kafa ba. Ku saurara da kyau, jama'a, musamman ku na baya da kuke ta taɓa waya!

Wata rana sai wata dattijuwa, Hajiya Tasalla, ta sa aka kawo masa kwamfutar mijinta marigayi. Shekara goma sha ɗaya mijin yana karantar da littattafai a zaure, ɗalibansa suna naɗar muryarsa suna zubawa a ciki. Babu wannan karatu a ko'ina sai nan. Ta ce, "Ɗan nan, ta yi nauyi, a sabunta mata manhaja. Amma muryar Malam, amana ce na ba ka."

Ya ce, "In sha Allahu, Hajiya."

To, ga inda aka samu matsala. Ya buɗe ya ga faifan ajiya biyu. Yadda ya saba, na farko na manhaja ne, na biyu na ajiyar mai kaya. Bai tambaya ba, bai duba ba, ya ware na farko shi kaɗai ya goge ya zuba sabuwa. Ashe ɗaliban sun haɗa faifan nan ne tagwaye, abin da masu sana'ar ke kira RAID: duk abin da aka rubuta a ɗaya, ɗayan ma ya kwafa. Ya kunna, kwamfuta ta ƙi tashi. Ya kashe ya sake kunnawa, baƙin allo. A karo na uku sai ta tambaye shi ko ta sake haɗa tagwayen. Nan ya gane in ya amsa, gogaggen faifan ne zai hau kan mai karatun ya shafe shi.

Maƙwabcinsa Sabitu, shi ma mai gyara ne, ya leƙo ya ce, "Haba Malam Haladu, danna kawai ta tashi! Ka ce mata faifan ne ya mutu. Tsohuwar nan me ta sani?"

Kun ji fa! Me ta sani! Wallahi maganar nan tana ƙona min rai har yau.

Bawan Allahn nan ya zare faifai na biyu, ya naɗe shi a hularsa, ya taka har gidan Hajiya ya durƙusa. Ya ce, "Hajiya, na yi ganganci. Na goge ɗaya ban duba ba. Ga ɗayan, ban sani ba ko zan iya ceto shi."

Ta yi masa tatas. Ta ce ya ci amana, ta ce ya sake kashe mata miji. Ya karɓi laifinsa, don ya san da gaskiyarta.

Kwana huɗu bai karɓi aikin kowa ba. Ya aro faifai na uku ya fara kwafe komai, don kada hannunsa ya sake ɓarna. Ya lallaɓa ya buɗe faifai na biyun shi kaɗai ba tare da ɗan'uwansa ba, ga karatu nan cif. Sannan ya haɗa tagwayen, wannan karon mai karatun ne ya hau kan gogaggen, ya rubuta abin tayar da kwamfutar a kan kowannensu, yadda ko ɗaya ya mutu ɗayan zai tashe ta.

Ya kai mata har tsakar gida ya kunna. Sai ga tarin tsoho, sai ga murya: "To, a ina muka tsaya jiya?"

Hajiya ta fashe da kuka, ta ce, "Alhamdu lillahi! Ɗan nan, ka yafe min, Allah Ya yi maka albarka, Ya rufa maka asiri yadda ka ƙi rufe naka da ƙarya."

Jama'a, gaskiyarsa ce ta ceci karatun nan, ba gwanintarsa ba. Mu gode wa Allah da har yanzu akwai irinsu a cikinmu. Kai tela, kai makaniki, ke mai awon magani, ranar da hannunka ya yi ɓarna a kayan wanda ba zai taɓa ganewa ba, ka tsaya, ka ɗauki abin da ya rage ka je ka faɗa masa da bakinka.