Faifai Huɗu na Malam Barau

A shekarar da idon Malam Barau ya fara dushewa, ɗaya daga cikin faifan ajiya huɗu na kwamfuta da ke cikin akwatin na'urarsa ya mutu. Shekara talatin ya yi yana yawo da rikoda yana ɗaukar muryoyin tsofaffin masunta da maƙera da mawaƙan noma, yawancinsu yanzu sun rasu. Kaset-kaset ɗin sun daɗe da lalacewa. Abin da ya rage yana cikin wannan akwati, inda kwamfutocin gidan ke ɗebowa. Tsarinsa shi ne, in faifai ɗaya ya mutu, sauran ukun za su iya sake gina abin da ke cikinsa a kan sabo. In biyu suka mutu, shi ke nan.

'Ya'yansa uku ne, Mudi da Lantana da Isyaku.

Mudi ba shi da karatun na'ura, amma yana da kunne irin na ubansa. Ya kara kunnensa jikin akwatin, ya ji wani faifan ma yana ƙas-ƙas a hankali. Ya kashe akwatin nan take, duk da cewa akwai baƙi daga jami'a da suka zo sauraro. Malam ya yi ta faɗa, Mudi ya ƙi kunnawa. Da an bar faifan yana juyawa, da bai kai mako ba.

Aka sayo sabon faifai, babba, kwalinsa na sheƙi. Lantana ta karanta ƙananan lambobin da ke jikinsa, ta yi bincike, ta ce ba za a saka shi ba. Malam ya ce faifai ai faifai ne.

Ta ce, "Baba, wannan kamar kwanon rufi yake rubutu, layi bisa layi. Kafin ya gyara ɗaya sai ya ɗaga na kusa da shi. A tsakiyar aiki zai gaji, akwatin ya fitar da shi, mu kuma dama ɗaya gare mu."

Masu shaguna ba su san bambancin ba, kwali kuma ba ya faɗa. Shago goma sha ɗaya ta shiga kafin ta sami mai jera layinsa daban-daban.

Sake gina muryoyin a kan sabon faifan zai ɗauki kwana huɗu, kuma in wuta ta yanke sai an koma farko, abin da faifan mai ƙas-ƙas ba zai jure ba. Isyaku ya raba akwatin da wutar gari, ya haɗa shi da batir da janareta, ya zauna yana zuba mai yana sauya waya. Auren babban amininsa ya wuce bai je ba, har yau ba sa gaisawa sosai. Wuta ba ta ƙifta ba. Awa biyu bayan an gama, faifan mai ciwo ya mutu, ba a rasa ko murya ɗaya ba.

Malam Barau ya kira su. Ya ce ya gaji, kuma ya sha ganin yadda kayan haɗaka ke lalacewa, kowa na jiran ɗan'uwansa. Mutum ɗaya zai ba wa makullin ɗakin akwatin da amanar muryoyin.

To, ku da kuke zaune, wa zai miƙa wa?