Maigida da Ƙaramin Kan Waya

Akwai wani mutum a wani gari, yana da gidan haya. Shi da iyalinsa suna zaune a ɗakunan gaba, 'yan haya kuwa suna na baya. Duk ruwan gidan, da na wanka da na wanke-wanke da na ban ɗaki, bututu ɗaya yake bi ta ƙarƙashin ƙasa har ya faɗa sokawe, wato babban ramin da ruwan datti ke taruwa. A tsakar gida akwai ɗan rami mai murfin siminti, inda ake buɗewa a duba bututun in ya toshe. Murfin ya taɓa fashewa a gefe, ɓeraye suka riƙa fitowa ta wurin, amma maigida ya yi maganinsu, aka manta da zancen.

Mutumin nan ba rago ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana da waya irin ta masu gyaran bututu, doguwar murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe, wadda ake turawa ciki ana juya ta da hannu. Ranar da ya saye ta aka haɗa masa da jaka mai kawuna iri-iri da ake ɗaura wa bakinta. Akwai mai haƙora kamar zarto, na yanke saiwar itace. Akwai mai faɗi kamar cokali, na kankare daskararren mai. Akwai kuma wani ɗan ƙarami murɗaɗɗe mai tsini, wanda ba ya yanka komai, sai dai ya saƙale abu ya jawo shi waje.

Amma maigida kai ɗaya ya sani, mai haƙora. Wata shekara saiwar mangwaro ta shiga bututun, ya sa mai haƙoran ya datse ta, ruwa ya wuce, mutanen gida suka yi ta yaba masa. To, shi ke nan fa! Tun daga ranar, ko me ya toshe, mai haƙora ne. Sauran kawunan suna kwance a jaka har suka yi tsatsa.

Ana nan, da damina ta yi nisa, sai bututun ya toshe. Baƙin ruwa ya taso ya malale tsakar gida. Wari kuwa, kai, ba a magana! Ƙudaje suka yi sallama suka zauna, baƙo in ya shigo sai ya gaisa a tsaye ya ce yana sauri. Maigida ya naɗe hannun riga, ya ɗaura mai haƙora, ya tura, ya juya da ƙarfi. Ya ji ya taɓa wani abu mai laushi, ya ƙara dannawa. Ruwan ya ɗan ja baya. Bayan kwana kaɗan sai ga shi ya dawo, har ya fi na da. Ya sāke turawa, ya sāke dannawa, abin sai gaba yake yi. Da ya jawo wayar, sai ya ga maiƙo a haƙoranta.

A cikin 'yan hayar akwai wata gwauruwa, ana ce da ita Maman Dinatu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da suyar awara a ƙofar gida take ciyar da su. Ba ta da kowa a garin, ɗakin nan shi ne iyakar abin da ya rage mata.

Maigida ya ɗaga wayar sama don kowa ya gani, ya ce, "Maman Dinatu, ga shaida. Man suyarki ne ya toshe mana bututu. Kafin ƙarshen wata ki nemi wani wuri."

Ta ce, "Haba Baba! Man da nake tattalinsa har ɗigon ƙarshe, shi zan zuba a rariya?"

Ya ce, "Na gama magana."

Abin baƙin ciki, sauran 'yan hayar ma suka bi bayansa. Wari ya ishe su, suna neman wanda za su ɗora wa laifi, ga kuma wadda ba ta da mai tsaya mata. Aka daina amsa gaisuwarta da kyau. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta zaga unguwa neman ɗaki ba ta samu ba. Duk da haka ta fara ɗaure kayanta.

Da wata ya zo ƙarshe, da safe, kayanta suna jingine a bakin ƙofa, maigida kuma yana durƙushe a bakin ramin, gumi sharkaf, yana ta fama da mai haƙoransa. Jakar kawunan tana buɗe a gefensa. Maman Dinatu ta zo yi masa sallama, ta rusuna, sai idonta ya faɗa kan ɗan ƙaramin nan.

Ta ce, "Baba, wannan fa, mene ne aikinsa?"

Ya ce, "Wannan? Abin wasa ne. Ba ya yanka, jawowa kawai yake yi."

Ta ce, "To Baba, don Allah a jawo mu gani. In maina ne ya fito, zan ɗauki kayana ba gardama."

Maigida ya yi tsaki. Amma mutane suna kallo, hannunsa kuma ya gaji, sai ya kwance mai haƙora ya ɗaura ƙaramin. Ya tura a hankali, ya juya a hankali, gama wannan kai ba ya son ƙarfi. Can sai ya ji wayar ta yi nauyi. Ya ja, ta ƙi. Maza biyu suka kama masa, suka ja tare, suna nishi, sai ga wani dogon baƙin abu ya fito zololo, ya faɗi tim a tsakar gida.

Matar maigida ta kawo bokitin ruwa ta sheƙa masa. Baƙin ya wanke, sai ga zane-zanen shuɗi da fari, ga aljihu, ga wuya mai aiki. Ta dafa ƙirji ta ce, "Baban Ishaku! Wannan ba tsohuwar rigarka ba ce? Wadda ka cusa a fashewar murfin saboda ɓeraye?"

Ashe ruwan sama ne ya ja rigar ciki. Ashe duk lokacin da ya sa mai haƙora, ƙara tura ta yake yi, yana dunƙule ta. Maiƙon kuwa na wanke-wanken gidan ne duka, har da na tukunyarsa, ya zo ya tarar da riga ya manne.

Kafin kowa ya ce uffan, sai suka ji bututun ya yi wani ƙugi, ɓuuu! Ruwan da ya kwana ya wuni a tsakar gida ya juya ya bi rami da gudu, har ƙasa ta bayyana. Mata suka rangaɗa guɗa. Maman Dinatu ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Na gode maka, ya Ubangiji! Na gode maka!"

A nan ne maigida ya yi abin da ya sa nake ƙaunarsa. Bai ce iska ce ba, bai ce yara ne ba. Ya miƙe da hannunsa duk dagwalo, ya ce wa Maman Dinatu, "A gaban kowa na kore ki, a gaban kowa nake roƙonki gafara. Laifina ne." Ya wanke hannu, ya ɗauki ƙunshin kayanta a kansa, ya mayar mata ɗaki da kansa. Sa'an nan ya ɗaura mai kama da cokali ya kankare sauran maiƙon, ya gyara murfin da siminti. Da yamma aka share gida tas, ƙanshin awara ya maye gurbin wari, aka ci aka sha ana dariya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Bututun shi ne zumuncin da ke tsakaninmu, a gida da cikin ikilisiya. In ya toshe, kowa yana jin warin, ko da ba wanda ya faɗa. Wayar ita ce gaskiyar da Allah ya ba mu mu yi gyara da ita. Kawunan kuwa su ne hanyoyin kai gaskiyar. Akwai zunubin da ya yi saiwa, wannan sai an tsawata an datse shi. Akwai sanyin zuciya da ya taru a hankali, wannan sai an bi shi da haƙuri ana kankarewa. Akwai kuma abin da ba ya son yanka ko kaɗan, sai an zauna, an tambaya, an saurara, a jawo shi fili a ga ko mene ne.

Amma mu fa? Da yawanmu kai ɗaya muka sani. Uba, ɗanka ya yi shiru kwana biyu, ka hau shi da faɗa. Shugabar mawaƙa, yarinya ta daina zuwa koyon waƙa, kin yanke mata hukunci ba ki taka gidansu ba. Dattijo, faɗanka ya taɓa gyara mutum ɗaya, shi ke nan kowa sai ya sha faɗa? Haba! Kana ƙara tura damuwar can ciki ne, kana dunƙule ta, sa'an nan ka nemi marar ƙarfi ka ɗora masa laifi.

Ubangijinmu bai tura zunubinmu gaba ba, bai kuma kore mu daga gidansa ba. Ya jawo shi fili, ya ɗauke shi a kansa, hanya ta buɗe. Halleluya! Saboda haka a makon nan, kafin ka ce wa wani ya kwashe kayansa daga zuciyarka, sa ƙaramin kai tukuna. Tambaya, saurara, ja a hankali. In kuma abin da ya fito rigarka ce, kada ka ji kunyar ɗaukar kayan ɗan'uwanka ka mayar masa ɗaki.