Manomin da Ya Ji Nauyin Likita

Akwai wani manomi a wani ƙauye na bayan dutse, daga shi sai matarsa a gida, gama 'ya'yansu sun watse cikin birane neman abinci. Ana tsakiyar damina matar ta kwanta ciwo. Da jiƙe-jiƙe suka kasa, sai ya kai ta babban asibiti a gari, ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin darbejiya tare da sauran masu jinya.

Kowace safiya likita yakan zaga gado-gado cikin sauri. In ya iso ya ce, "Mama, yaya jiki?" sai matar ta ce, "Da sauƙi." In ya dubi mijin, shi ma ya rusuna ya ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe. Mun gode Allah." Alhali kuwa ya san ko ruwa ba ya zama a cikinta, ƙafafunta kuma sun kumbura a ƙarƙashin zane. Amma haka aka rene shi: ba a tare babban mutum da ƙorafi, ba a kuma zancen jikin mace a gaban baƙi. Yakan ce a ransa, ai likita ne, zai gani da kansa. Likita kuwa ya wuce gado na gaba.

Ran da aka gane tsananin ciwon, lokaci ya riga ya ƙure. Wata nas ta dube shi ta ce, "Haba Baba, me ya hana ka faɗa?" Ba a jima ba matar ta rasu.

Aka binne ta. 'Ya'ya suka zo, suka yi kuka, suka koma. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Gida ya yi masa faɗi. In ya shiga ɗaki ya fito, in ya je gona ya tsaya riƙe da fartanya har ciyawa ta fi ƙarfin dawa. Daga baya ƙafarsa ta fara kai shi asibitin nan, ba don komai ba sai don can ne ya yi mata ganin ƙarshe. Yakan zauna a gindin darbejiya, ba wanda ya san shi, ba wanda ya tambaye shi.

Wata rana ya ga wani magidanci ya fito daga ɗakin maza, ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Manomin ya ce, "Ɗana, yaya mai jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi, Baba."

"Da sauƙi na gaisuwa, ko na gaskiya?"

Mutumin ya ce, "Mahaifina ne. Fitsari ya ƙi fita tun shekaranjiya, mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya."

"Ka gaya wa likita?"

"Kai, Baba! Da wane bakin? A gabansa zan yi wannan magana?"

Manomin ya miƙe, ya kama hannun mutumin ya ce, "Tashi. Ni ba ubana ba ne. Ni zan faɗa."

A bakin ƙofa nas ɗin nan ta gane shi, ta ce, "Baba, ka dawo? Yau kuma wa ka kawo mana?"

Ya ce, "Baki na kawo, 'yata. Wancan karon a gida na baro shi."

Likita ya riga ya wuce gadon tsohon. Manomin da bai taɓa ɗaga wa babba murya ba ya ce, "Likita, dawo! Ba sauƙi!" Likita ya juyo, ya saurara, ya ɗaga rigar tsohon ya taɓa, nan da nan ya sa aka kawo robar fitsari aka sa masa. Tsohon ya rayu, ya koma gida da ƙafarsa.

Tun daga ranar manomin yakan zauna da baƙin da suka zo daga ƙauyuka, ya tambaye su har su faɗi gaskiya, ya raka su gaban likita. Da yamma kuma ya koma gidansa, ya hura wuta, ya dafa tuwon mutum ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Manomin nan shi ne duk wanda a cikinmu ya binne nasa, yana kuma yawo da "da na sani" a ƙirji. Ubangiji bai mayar masa da matarsa ba, bai kuma cika masa gida ba. Kada mu yi wa masu makoki alkawarin da Allah bai yi ba. Abin da ya ba shi shi ne ido mai gane irin shirun da ya cuce shi, da ƙarfin halin yin magana domin wani. Ladabi abu ne mai kyau, amma ladabin da zai rufe bakinka rai yana tafiya, ba daga Allah yake ba.

Kai da ka dawo gari ka tarar da kabari maimakon mutum, ke da kike zaune ke kaɗai tun da aka watse daga makoki, abin da kuka koya da hawaye akwai wanda yake bukatarsa yau. Yana zaune a barandar asibiti, bai san kowa ba. In an tashi daga sujada, hanyar ba ta da nisa.