Hukuncin Malam Inuwa a Kan Motar da Ta Ƙi Caji

An ce wai a wani gari da ke kan hanyar Funtuwa an yi wani Sarkin Makanikai da ake kira Malam Inuwa. Tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda ya shekara arba'in yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, har gwiwoyinsa suka gaji. Da ya ajiye sifana, sai 'yan gareji suka kafa masa benci a gindin darbejiya, duk rigimar da ta tashi tsakanin mai mota da mai gyara a nan ake kashe ta.

A garejin akwai wani mai wayarin, Barau, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ba a taɓa jin an kama shi da ha'inci ba. Cikin masu kawo masa aiki akwai Alhaji Haladu, falken albasa, mai wata tsohuwar akori-kura da ya gada wurin mahaifinsa. Alhaji yana son motar nan kamar ransa, kuma a ganinsa duk duniya babu wanda ya san halinta kamarsa.

Wata rana Barau ya gyara wa motar altaneta, wato na'urar da ke mayar wa batir wutar da ya kashe muddin inji yana juyawa. Aka yi wata guda lafiya lau. Daga nan sai batir ya fara mutuwa, kullum da safe sai an tura. Alhaji ya sa sabon batir, kwana uku shi ma ya kwanta. Ya koma wa Barau. Barau ya kwance altaneta, ya gwada ta a kan tebur, ya ga tana ba da wuta yadda ake so. Ya mayar, ya ɗaure fambel, wato bel ɗin da ke juya ta, da ya tarar ya saki, aka cika batir a shagon mai caji, ya ce, "Alhaji, ban ga laifinta ba. Je ka, in Allah ya so ta warke."

Bayan kwana biyu mahaifiyar Alhaji, Inna Dije, numfashinta ya sarƙe. Ya ɗauke ta zuwa asibitin birni, suna tsakiyar dokar daji da rana tsaka motar ta yi tari biyu ta mutu. Ya shimfiɗa wa tsohuwa rawaninsa a inuwar wata ƙaya, yana yi mata fifita da hula, yana ɗaga wa duk mai wucewa hannu, har kusan la'asar kafin wata motar itace ta tsaya. Allah ya yi da sauran kwananta, amma sai da ta yi mako a gadon asibiti.

Alhaji ya dawo da zuciya cike. Ya bi kasuwa rumfa rumfa yana faɗin cewa Barau ya sace kayan cikin altanetarsa ya zuba masa ruɓaɓɓu. Kafin mako ya zagayo masu motoci sun janye daga shagon Barau. Sa'an nan aka jawo motar zuwa gareji, Alhaji ya tsaya gaban Malam Inuwa, jama'a suka taru.

Ya ce, "Sarki, ban zo neman a gyara mini mota ba. Na zo ne a raba garejin nan da mutumin da ya kusa sa in binne uwata a daji. Sau biyu yana taɓa abin nan, sau biyu yana ce mini lafiya. Ko dai bai iya ba, ko ya ci amana, kuma ko wanne ne bai cancanci zama cikinku ba."

Malam Inuwa ya dubi Barau. Barau ya durƙusa, ya ce, "Baba, na rantse ban ɗauki ko noti ɗaya ba. Amma in ka tambaye ni dalilin da ta ƙi caji, ban sani ba. Kwana nawa ke nan ina juya abin a raina, ban samo bakin zaren ba."

Tsohon ya ce, "Wanda ya ce bai sani ba ya rage mana rabin aiki. Alhaji, baƙin cikinka gaskiya ne, babu ɗan halak da zai ga mahaifiyarsa a wannan hali ya dawo yana dariya. Amma zafin ciwo ba ya nuna wanda ya yi sara. Mun ji bakinka, mun ji nasa. Saura mu ji na motar, gani ya kori ji."

Ya sa aka kwance altaneta aka ɗaura ta a wata mota irinta. Aka tayar, aka ɗora mitar auna wuta, allurarta ta hau. Jama'a suka fara gunaguni. Aka mayar da ita mazauninta, aka kawo cikakken batir, aka tayar, allura ta ƙi motsi. Malam Inuwa ya danna fambel da babban yatsa, ya ji shi a ɗaure. Ya sa aka kankare kawunan batir, aka bi babbar waya daga farko har ƙarshe, babu inda ta tsinke. Duk abin da makanikai suka saba zargi aka duba, aka same shi kalau.

Nan tsohon ya miƙe da sandarsa, ya bar bakin inji inda kowa ya yi cincirindo, ya zagaya ya shiga mazaunin direba. Ya murɗa makulli rabi, bai tayar da inji ba, ya zuba wa allon da ke bayan sitiyari ido. Ya kashe, ya sake murɗawa. Sa'an nan ya fito ya koma bencinsa.

Ya ce, "Na gano hannun da ya hana motar nan caji, kuma mai hannun yana tsaye a nan. Alhaji, kai aka cuta. Kafin in faɗi sunansa, wane hukunci kake so a yi masa?"

Alhaji ya ce, "Biyu. Kada hannunsa ya ƙara shiga cikin mota. Kuma ya shiga kasuwa ranar da ta ci, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa."

"Kowa ya ji?" in ji Malam Inuwa. Aka ce an ji. Barau ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, "To Alhaji, akwai wata jar fitila mai hoton batir da ke kamawa in an murɗa makulli. Na neme ta ban gani ba. Ina ta tafi?"

Alhaji ya ce, "Wannan maƙaryaciyar? Bayan gyaran farko ta dinga yi mini ƙifce a hanya, alhali na san an gyara caji. Ta hana ni sakat, sai na zura hannu ta ƙasa na zare kwan na jefar. Ina ruwanta da maganarmu?"

Malam Inuwa ya sa aka kawo kwan fitila, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, aka sa a gurbinsa. Aka murɗa makulli, jar fitila ta kama. Aka tayar da inji, fitilar ta mutu, allurar mita ta hau.

Ya ce, "A tsofaffin motoci irin wannan, ta cikin kwan nan 'yar wutar da ke tayar da altaneta take bi. In babu shi, sai ta yi ta juyawa a banza, kamar rijiya cike da ruwa babu guga. Ƙifcen da ta yi maka kuwa ba ƙarya ba ne, fambel ne ya saki take gaya maka. Da ka kawo ta ranar, ɗaurin noti ɗaya ya ishe ka."

Alhaji ya daɗe yana duban hannunsa na dama. Ya ce, "Ashe ni na ajiye Inna a rana."

Malam Inuwa ya ce, "Ba da nufi ba, kuma Allah ya san haka. Amma sunan Barau da nufi ka ɓata shi. Hukuncin da ka yanka ba zan ƙara masa ba, ba zan rage ba. Tuƙa motarka, amma cikinta ka bar wa masu gyara. Ranar kasuwa kuma ka bi rumfunan da ka bi, ka faɗi abin da ka gani yau."

Sa'an nan ya juya ga Barau. "Kai ma ba ka fita fes ba, ɗana. Ka gwada ƙarfe a kan tebur, ba ka gwada shi a jikin motar ba. Ba ka zauna inda direba ke zama ba, ba ka tambayi mai ita abin da ya gani ko abin da ya taɓa ba. Amanarka ta tsira, amma gaggawarka tana da kaso cikin wahalar tsohuwar nan. Gobe ka je ka gaishe ta."

Barau ya ce, "Na ji, Baba, kuma na karɓa."

Ranar kasuwa aka ga Alhaji Haladu yana bin rumfuna ɗaya bayan ɗaya, Barau yana gefensa, don ya ce ba zai bar dattijo ya yi wannan zagaye shi kaɗai ba. A rumfar farko maganar ta yi wa Alhaji nauyi har sai da ya maimaita. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Shi ya sa masu hikima suke cewa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma mai yi maka gargaɗi, ko ya dame ka, kada ka rufe masa baki, domin sau da yawa ta hanyar da gargaɗinsa ke zuwa, ta nan alherinka ma yake biyowa.