Shulan Mai Ganga da Masunta Ashirin

"To, masu kunne, ga ta nan, ga ta nanku!"

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Hajjo, janye mini ƙafar nan daga tabarma. Yauwa.

Can ƙasar Sin, a wani gari na bakin kogi, an yi wata mata, sunanta Shulan. Ba uwa ba uba, sai yayanta guda, Guanho, mai fiton mutane. Da wata na biyar ya kama, sai kogi ya kawo, ruwa ja wur. Sai ya kifar da kwalekwalen Guanho, ya yar da shi kan wani dutse a tsakiyar ruwa. Daga gaɓa ana hango shi ɗan mitsitsi, ruwa kuwa sai cin dutsen yake.

Tsofaffi suka ce, "Kwana uku dutsen nan zai nutse. Dodon ruwa ya zaɓi nasa, 'yar nan, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Baba, haƙuri sai na ga gawa. Yayana da ransa."

Sai ta dafa shinkafa, ta zuba a ƙwarya, ta sakar masa daga sama. Ruwa ya kifar, kifaye suka yi biki. Sai ta ƙunsa wata a ganyen gora, ta ɗaure da zare tamau, ta jefa ƙunshi goma. Biyu suka isa. Aka ga ya ɗaga hannu.

Ranar farko ta tafi wurin Tiebo, ƙaton da ya fi kowa ƙwanji. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni kaɗai na isa." Ya shiga kwalekwale. Ko rabi bai kai ba, kogi ya tofo shi gaɓa, ba filafili ba hula.

Rana ta biyu ta bi gida gida, ta tara masunta ashirin, suka shiga dogon jirgin da ake dakon katako da shi. Amma fa ku ji wauta! Kowannensu tun tasowarsa shi kaɗai yake tuƙa abinsa, bai taɓa jiran wani ba. Wannan ya tsoma, wancan ya cire, filafilai suna gwaruwa ƙwas ƙwas. Jirgi ya yi ta juyi kamar ludayi a randa. Suka dawo jiƙe sharkaf, kowa yana zagin na kusa da shi. Maza ke nan!

Ruwa ya kai wa Guanho gwiwa. Shulan ta koma gida tana kuka. Amma ba ta zauna ba, ta jawo turmi za ta surfa masa wata shinkafar. Maƙwabtanta biyu suka kama mata, suna lugude. Tana cikin daka sai ta tsaya cak. Taɓarya uku, turmi ɗaya, ba wadda ta taɓa wata.

Ta ce, "Ashe! Abin a kunne yake, ba a damtse ba."

Rana ta uku, ranar biyar ga wata, ta fito da ganga a ka. Masunta suka ce, "Mun yi mun gaji. Kuma dodon ruwa ya gane mu."

Sai ta sa masassaƙi ya kafa wa jirgi kan dodo na itace, ta ɗiga masa idanu da jan fenti. Ta ce, "Ga naku dodon, kogi ya ba maigidansa hanya. Saura me?"

Tiebo ya ce, "Mace ce za ta koya mana tuƙi?"

Ta ce, "Tuƙi kun iya, ji ne ba ku iya ba. In na buga, ku tsoma. Wanda ya riga ganga, ni da kaina zan tunkuɗa shi ruwa, ko da kai ne."

Suka shiga sumul. Ta zauna a goshin jirgi ta fuskance su. Dum! Suka tsoma. Dum! Suka tsoma. Igiyar ruwa ta mari jirgi, ba ta fasa ba. Tafinta ya tsage, jini yana bin sanda, ba ta fasa ba. Jirgi ya miƙe sak yana keta ruwa.

Suka tarar ruwa ya kai wa Guanho wuya. Tiebo ya cafko shi ya jefa cikin jirgi. Da ya farfaɗo, sai ya dubi ƙanwarsa ya ce, "Hannuna guda ya riga ya saki dutsen. Sai na jiyo kiɗa, na ce wannan dakan Shulan ne. Sai na mayar da hannun."

A nan ta ajiye sanda, ta rungume shi, ta fashe da kuka. Ƙartin nan ashirin ma kowa yana share ido, wai ruwa ne ya fantsar masa.

Tun daga ranar, in ji tatsuniya, duk biyar ga wata na biyar mutanen garin sai su fito da dogayen jirage masu kan dodo, a ɗiga musu ido, a yi tsere, a ci shinkafa ƙunshin ganye. Mai ganga kuwa shi ne a gaba.

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa turmi! Ƙarfi ashirin in bai ji kiɗa ɗaya ba, juyi kawai zai yi. Hajjo, gobe in an sa ku daka ke da yayarki, na ji taɓarya ta gwaru, ku kuka da kanku.