Ɗaga Hannunki na Dama

Ya 'yan'uwa, ku gyara zama. Yau ba zan ɗaga murya ba, domin labarin nan ba ya son ihu.

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari na manoman dankali, can yammacin ƙasar nan tamu ta Amurka, inda hanya ke miƙewa har ido ya gaji bai ga kwana ba. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da dangi, kuma shi ma yana nan da rai, in har abin da yake ciki za a kira shi rai. Dattijo ne a cocinsu, kuma da Dattijo kowa ke kiransa tun bai yi furfura ba.

Yana da shagon abincin dabbobi a bakin titi, yana sayar da dusa da gishirin lasa da igiya da maganin kaska. Bayan kantar shagon akwai wani firij mai gurnani, cike da allurar rigakafin shanu. Kuma duk garin shi kaɗai hukuma ta ba hatimin shaidar rantsuwa. Mai sayar da gona da mai rabon gado duk gabansa suke zuwa, su ɗaga hannun dama su rantse, shi kuwa ya buga hatimi.

Kada ku zaci wani azzalumi ne. Ba ya sha, ba ya caca, ba ya tauye awo. Ciwonsa guda ne: yana son a ce, "Je ka wurin Dattijo, shi zai warware maka." Yabo shi ne giyarsa.

Kun san dokar makaranta. Yaro ba ya shiga aji sai da shaidar an yi masa rigakafi. Amma an bar wata 'yar ƙofa saboda waɗanda imaninsu ya hana su da gaske. Uba ko uwa su zo gaban mai hatimi, su rantse cewa addininsu bai yarda ba, shi ke nan a karɓi yaron. A garin akwai gidaje biyu ko uku masu irin wannan imani, kuma sun riƙe shi ko da daɗi ko ba daɗi. Ba su nake nufi ba. Su tsakaninsu da Allah.

Wata shekara aka buɗe makaranta ana tsakiyar tonon dankali. Wata mata mai suna Glenda, uwar 'ya'ya huɗu, ta faɗo shagon da ƙasar gona har gwiwa.

"Dattijo, na shiga uku. An koro mini yara wai sai da allura. Asibitin nan tafiyar rabin yini ce, ga mota cike da dankali tana jirana. Ni ɗaya zan rabu biyu?"

Ya dube ta yana murmushi. "Addininki ya hana allura, 'yar'uwa?"

"Wane addini? Ba benci ɗaya muke zama da kai ba? Lokaci ne ya hana."

"To, ai lokacin ma Allah ne ya halicce shi. Ɗaga hannunki na dama."

Ta yi dariya, ta ɗaga, ta rantse da sunan Allah. Ya buga hatimi. Ko sisin kwabo bai karɓa ba. Washegari ta aiko masa da gasasshiyar kaza, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa Dattijo mutum ne.

Kun san yadda magana ke yawo a ƙaramin gari. Mai ƙyuyar tafiya ya zo. Mai tsoron kukan yaro ya zo. Wanda ya ji wata jita-jita a waya ya zo. Wanda bai ma san dalilinsa ba ya zo, don maƙwabcinsa ya zo. Kowa ya tsaya gaban kantar nan ya ɗaga hannu, ya ɗora wa Allah maganar da bai faɗa ba. Firij yana ta gurnaninsa a baya.

Ran nan tsohon fastonsu, Fasto Ingram, ya shigo sayen tsabar kaji. Ya tarar da layi. Ya jira har aka watse, sannan ya ce, "Dattijo, yaushe addininmu ya hana allura? Ni nake hawa mumbari, ban sami labari ba." Ya nuna firij da sandarsa. "Maruƙanka fa? Su ba su tuba ba tukuna?"

"Haba Fasto, takarda ce kawai. Allah ai ya san abin da ke zuciya."

"Abin tsoron ke nan," in ji tsohon. Ya ɗauki tsabarsa ya fita.

Mutumin nan yana da 'ya ɗaya tak, jaririya mai suna Opal, wadda shi da matarsa Nadine suka samu bayan sun fid da rai. Ba ta isa allurar ƙyanda ba, sai ta shekara. Kuma ya riga ya ƙudurta a ransa cewa ranar da ta isa zai ɗauke ta zuwa wani gari inda ba a san fuskarsa ba, a yi mata. Kun gani? Shi bai taɓa yarda da abin da yake sa mutane su rantse a kai ba.

Ƙarshen hunturu, ƙanƙara ta fara narkewa, ƙyanda ta shigo gari. Makaranta ta bi ƙa'ida: duk yaron da ba a yi wa allura ba ya zauna gida har cutar ta wuce. Sai a ranar aka san yawansu. Motar makaranta ta riƙa wucewa ta gaban shagon kusan fayau, direba na tsayawa inda ya saba, ya buɗe ƙofa, ba mai shiga, ya rufe. Filin wasa ya yi tsit da rana tsaka, iska kaɗai ke kaɗa lilo.

Iyaye suka cika shagon, ba mai dariya. "Kai ka ce takarda ce kawai. Yanzu wa zai zauna mana da yara? Mu bar shanu su tatsi kansu?"

A nan ne ya kamata ya sunkuyar da kai ya ce na yi kuskure. Da ya faɗi haka, da an zage shi kwana biyu an manta. Amma mai son a yabe shi zai iya haɗiye komai ban da wannan. Sai ya buɗe ɗakin ajiya na bayan shago, ya ture buhunan dusa, ya jera benci, ya kunna murhu. Ya ce a kawo yaran duka, matarsa za ta koyar da su har a buɗe musu makaranta.

Nadine ta ja shi gefe. "Baban Opal, an raba su ne don kada su haɗu, kai kuma ka tara su ɗaki ɗaya? To ni dai bari in kai jaririyar nan gidan yayata."

"Mutane su ce me? Dattijo ya tara 'ya'yan wasu ya ɓoye tasa? Tana nan. Allah zai tsare."

Ya sake kiran sunan, kun ji. Gadon jaririya ya zauna inda yake, bayan kantar shagon, kusa da firij, ƙofa ɗaya tsakaninta da yaran.

Da farko yaro ɗaya ne ke tari. Bayan 'yan kwanaki, in ka tsaya a shagon ba ka jin karatu ta bayan ƙofar nan, sai tari, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Sannan idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso daga bayan kunne. Kullum bencin na raguwa, har ranar da Nadine ta shiga ta tarar da ɗakin ba kowa, murhu na ci shi kaɗai.

Yawancin yaran sun tashi. Autan Glenda ya tashi, amma kunnensa bai tashi ba. Ta zo shagon ta tsaya daidai inda ta taɓa ɗaga hannu.

"Na tsaya bayansa na kira sunansa, Dattijo. Bai juyo ba."

"Nufin Allah ne, 'yar'uwa."

"Wannan ma a bayan Allah za ka ɓuya?" Ba ta jira amsa ba, kuma ba ta sake taka shagon ba.

Opal ma ta kamu. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, aka kwantar da ita asibiti. Can a baranda, mutumin nan ya yi wa Allah alkawari iri-iri. Sai yarinya ta warke sarai, ko tabo babu. Ranar Lahadi ya tsaya gaban coci ɗauke da ita yana ba da shaida, jama'a suka ɗaga hannuwa sama suna yabo. Alkawuran kuwa a baranda ya baro su. Hatimi ya koma bakin aikinsa.

Ya ɗauka an yafe. Ya 'yan'uwa, jinkiri daban, yafiya daban.

Shekaru suka shuɗe. Opal ta girma, yarinya mai surutu da wayo, ta iya hawa doki tun ƙafarta ba ta kai likkafa ba. Ita ke yi wa masu saye maraba a shago, ta san sunan karen kowa. Uban in ya dube ta sai ƙirjinsa ya cika. Ya manta da ɗakin baya.

Tana wajen shekara tara abin ya fara, a hankali. Rubutunta ya karkace. Ta tsaya tsakiyar magana tana neman sunan cokali. Aka ce ƙuruciya ce. Ta saki kofi a hannu ba dalili. Aka ce gajiya ce.

Wata rana da hantsi tana zaune a kan kantar shagon tana kaɗa ƙafa, rana na shigowa ta taga, shago ba kowa sai su biyu. Sai hannunta na dama ya zabura sama, ya tsaya, ya faɗo.

"Me kike so, 'yar Baba?"

"Ba ni na ɗaga ba, Baba."

Bai gama jin maganar ba, hannun ya sake tashi. Ya faɗo. Ya ɗan jima, ya sake tashi. Ba abin da ake ji a shagon sai gurnanin firij. Mutumin nan ya san wannan ɗagawar. Shekara da shekaru yana kallonta daga wannan gefen kantar.

A babban asibitin birni, likita ta gama dube-dubenta ta zaunar da su. Tambaya ɗaya ta yi: "Ta taɓa yin ƙyanda tana jaririya?" Nadine ta juyo ta dubi mijinta. Likita ta ce a cikin yara masu yawa akan sami ɗaya da cutar ba ta barin jikinsa. Takan laɓe a ƙwaƙwalwa ta yi barci shekaru, sannan ta farka. Zaburar hannun alamarta ce. Uban ya ce a faɗi ko nawa ne, zai sayar da shago da gona. Ta ce ba maganar kuɗi ba ce, babu magani.

Suka dawo da ita gida. Magana ta tafi, tafiya ta tafi, daga baya gani ma ya tafi. Hannun ne kawai bai tafi ba. Uban yakan zauna bakin gado ya danne shi da hannuwansa biyu, yana kuka yana cewa, "Ya isa, na ji, ya isa." Da ya sassauta, sai ya tashi. Nadine ta yi jinyar 'yarta har rai ya yi halinsa. Ranar da aka binne Opal, daga makabarta ta shiga motar yayarta, ba ta ko koma ɗaukar kaya ba.

Kun san al'adarmu a hanyoyin karkara. In motoci biyu suka yi kiciɓis, kowane direba yakan ɗaga hannu daga sitiyari, ko ya san ka ko bai san ka ba. Mutumin nan ya fita sau ɗaya bayan makoki. A-kori-kura ta farko ta wuce, hannu ya tashi. Ta biyu ma haka. Aka tsince shi a gefen hanya ya kifa kai kan sitiyari. Ya je coci, aka soma waƙa, hannuwa suka tashi ko'ina, ya fita da gudu. Yaro ya ɗaga masa hannu daga motar makaranta, ya rufe fuska.

Shagon ya rufu. Yau yana zaune a ɗaki, labule a sake, ba ya son ganin kowa, don ba wanda zai gaishe shi bai ɗaga hannu ba. Masu kai masa abinci sun ce kullum suna tarar da shi zaune kan hannunsa na dama, ya danne shi da cinya.

Kada wani ya fita nan ya ce Allah ya rama a kan yarinya. Opal ba ta yi rantsuwa ba, autan Glenda ma bai yi ba. Allah ba ya zalunci. Mutum ne ya buɗe ƙofa, cuta ta shigo, kuma cuta ba ta tambayar wa ya yi laifi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma wani lokaci har da 'ya'yan da ke cikin sheƙa.

To me ya kai shi? Ya mai da sunan Allah mabuɗin buɗe abin da ƙyuya ta rufe. In ba ka da lokaci, ka ce ba ni da lokaci. In tsoro kake ji, ka ce tsoro nake ji, ka je ka tambayi masu sani. Amma kada ka ce Allah ya hana alhali ka san bai hana ba. Wa ya aike ka? Kuma jaririn maƙwabcinka da bai isa allura ba, wa ke tsare shi in ba lafiyar ɗanka ba?

Wata mai kamawa za a buɗe makaranta, wasunku za su tsaya gaban mai hatimi. Kafin hannun nan ya tashi, ku tambayi zuciya ko gaskiya za ta faɗa. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ya Allah, ka tsare harsunanmu daga yi maka ƙarya. Ka ji ƙan yaran da suka biya bashin da ba su ci ba. Ka ba wancan bawa naka tuba kafin ya zo gabanka. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu daga abin da hannuwanmu suka jawo. Amin.